Kujera 150, rumfa huɗu da kuɗin fargaba: yadda muka kwashe da wani mai haya a Tudun Wada

Ranar Alhamis bayan isha'i ina surfa waken alalar safe, wayata ta yi ƙara. Alat ne, naira dubu 80. Na tsaya ina tunanin wane ɗan albarka ne ya tuna da ni a tsakiyar wata, sai na duba sunan wanda ya turo. Zauren da muka kama domin taron ranar Asabar ne ya dawo mana da kafin alƙalaminmu, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ban gama goge hannu ba manajan ya kira.

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. Wallahi abin ya fi ƙarfina."

Na ce wa ya hana? Ya ce babu wanda ya hana. Na ce to me ya faru? Ya ce gyaran silin za a yi. Ni da na shiga zauren nan ranar Litinin, na ɗaga kai na ga silin fes, fankoki goma sha biyu duk suna juyawa. Na ce masa Allah ya ba silin lafiya, na kashe wayata.

Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare kafin in yi ritaya, na aurar da 'ya'ya huɗu, kuma a layinmu in an tashi biki ko suna ni ake turawa wajen masu kujera, don an san ba a yi mini cuwa-cuwa a lissafi. Wannan ne ya sa da aka kafa kwamitin haɗakar 'yan adawa a mazaɓarmu aka liƙa mini ma'aji. Abin da zan rubuta a nan sharhi ne a kan wani mai hayar rumfa da kujeru da ya fitar da mu kunya a kwana ɗaya da rabi, da inda ya burge ni da inda ya ɓata mini rai. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama na zauren ba. Shi mai rumfar da bakinsa ya roƙe ni, kuma in kun karanta zuwa ƙasa za ku ga dalili.

Manajan zauren ban riƙe shi a zuci ba sosai. Kowa a Kaduna ya san abin da ya faru ranar 30 ga Agustan 2025, da 'yan daba suka faɗa wa taron ƙaddamar da kwamitin haɗakar ADC, inda tsohon gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i yake, aka ji wa mutane ciwo, aka farfasa motoci. Su El-Rufa'i suka ɗora wa gwamnati, gwamnati ta ce ba ruwanta. 'Yan sanda kuma suka ce ba a sanar da su taron ba, suka fitar da gargaɗi cewa duk otal ko zauren da ya karɓi taron siyasa ba da sanin jami'an tsaro ba, abin da ya biyo baya yana wuyansa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ga 'yan sanda sun tare ofishin jam'iyyar na titin Ali Akilu. To mai zaure da ya ci bashin banki ya sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki, me kake so ya yi? Gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Ko manyan ma ba su tsira ba: ranar 2 ga Yulin 2025 da za a bayyana haɗakar a Abuja, da su Atiku Abubakar da Peter Obi da David Mark, otal ɗin da aka kama a Asokoro ya soke musu ana saura sa'o'i, sai cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa suka koma. In an yi wa masu jirgin sama haka, ina ga mu masu hawa Keke Napep. Abin da ya ƙona mini rai kawai shi ne zancen silin. Da cewa ya yi "Hajiya tsoro nake ji", da na fi ganin girmansa.

Juma'a da sassafe na wuce Tudun Wada, can wajen tsohuwar Panteka, inda Alhajin mai hayar rumfar yake da rumbu biyu a jere. Na san shi tun 2015. Shi ya kawo mana kujerun walimar da muka yi a layi da Buhari ya ci zaɓe, lokacin ni ma tsintsiya nake ɗagawa har hannuna ya yi tsami. Na same shi zaune a kan benci yana karyawa da kunu da ƙosai, yaransa suna loda ƙarafan rumfa a a-kori-kura. Bayan gaisuwa ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce taron siyasa ne, na 'yan adawa, gobe da la'asar, a farfajiyar gidan wani dattijo a unguwarmu, kuma zaure ya mayar mana da kuɗi jiya da dare.

Ya ajiye kofin kunu. Ya ce, "Malama, ke ce ta uku a makon nan."

Sannan ya faɗi maganar da na ji ya sha faɗa wa mutane, don ta zauna masa a baki: kujera ba ta da jam'iyya. Ya ce makon jiya na gwamnati ya kai wa rumfa takwas, kuma in sun kira jibi zai sake kai musu. Na ce ai duk rigimar a kan kujerar ake yi, Alhaji. Ya yi dariya har ya ƙware.

Maki na farko kenan da na ba shi, kuma shi ne mafi girma: bai ce mini kayansa duk sun fita ba, bai ce motarsa ta lalace ba. Ya amsa, amma da sharuɗɗa, kuma a nan ne ciniki ya yi zafi.

Kujerar roba da yake ba ni naira 150 in biki ne, ya ce 200. Rumfa ɗaya dubu 12. Lasifika biyu da makirfo da ƙaramin janareto dubu 25, mai namu. Mota kai da ɗauko dubu 15. Kujera 150 da rumfa huɗu, lissafi ya tashi dubu 118. Wannan duk ban yi gardama ba, kowa ya san inda litar fetur ta kai. Sai ya ce kuma zan ajiye dubu 60 a hannunsa, in kaya sun dawo lafiya ya mayar mini. Na ce shekara goma ina hulɗa da kai, yaushe ka taɓa karɓar ajiya a wurina? Ya ce, "Yaushe kika taɓa yin bikin da ake zuwa da gora da adda?" Ya kira wani yaro ya ce ya ɗauko abin nan. Yaron ya fito da wata kujera fara, an sare bayanta gida biyu, saran ya bi ta tsakiya kamar an raba kabewa. Ya ce daga wani taron siyasa ta dawo a zaɓen da ya wuce, ita da 'yan'uwanta sama da arba'in, kuma har yau wanda ya yi hayar bai biya shi ba, in ya kira shi sai ya ce ai ba su ci zaɓe ba. Ya ajiye ta ne musamman don masu gardama irina. Yaransa suna kiran wannan ajiyar kuɗin fargaba. Na biya, ya rubuta mini rasit da hannunsa, ya rubuta ajiyar daban. Wannan ma na yaba, don akwai masu hayar da in ka nemi rasit sai su ɗauka ka zage su.

Sharaɗi na biyu ya fi ba ni mamaki. Duk wanda ya san kujerun haya ya san ana rubuta sunan mai su da fenti a baya, har da lambar waya. Alhaji ya ce ba waɗannan zai ba mu ba. Yana da wasu a can ƙuryar rumbu da ya bi da farin fenti ya shafe sunan, sai wata 'yar alama a ƙasan mazauni da shi da yaransa kaɗai suka gane. Rumfunan ma marasa rubutu zai kawo. Dalilinsa, yanzu kowa da waya a hannu, kafin a tashi taro hoto ya zaga Facebook da WhatsApp, kuma ba ya so wani ya faɗaɗa hoton ya karanta sunansa a bayan kujera, gobe a wayi gari an tuna cewa rumbunsa ya ci hanya ko takardarsa ba ta cika ba. Ban ce an taɓa yi masa ba, shi ma bai ce ba. Amma mutumin Kaduna ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan katafila. Ba mu manta Fabrairun 2018 ba, da aka rushe ginin Sanata Sulaiman Hunƙuyi wanda ɓangarensu na APC suka mayar ofishi, gwamnatin lokacin ta ce saɓa ƙa'idar fili ne da rashin biyan haraji. Gwamnan lokacin kuwa, Malam El-Rufa'i, shi ne ya zama jagoranmu a haɗaka. Na sha faɗa a zaman kwamiti, wasu su ɓata fuska: ramin da aka gina jiya ne ake tura mu ciki yau, kuma da hannun wasu namu aka gina shi. Ba zai hana ni tafiyar ba, amma ba zan yi kamar na manta ba.

Matsalar kujerun da ba su da suna ita ce su ne tsofaffin. Zan dawo kan wannan.

Sharaɗi na uku, sai ya ga takardar da muka kai wa 'yan sanda. Allah ya taimake mu mun riga mun kai tun muna sa ran zaure, sai dai muka sake rubuta wata da sabon wuri, sakatarenmu ya kai da hantsi aka buga masa hatimin an karɓa. Ɗan ƙanwata lauya ne, shi ya tsara ta, kuma ya ja mana kunne kada kalmar "izini" ta fito a ciki ko sau ɗaya. Sanarwa muke yi, ba roƙo ba. Ya ce sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taro da shiga jam'iyya, kuma tun Disambar 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin gangami ya saɓa wa tsarin mulki. Ya tambaye ni ko na san wa ya kai ƙarar. ANPP ce da wasu jam'iyyun adawa, bayan an watsa gangaminsu na Kano da barkonon tsohuwa a Satumbar 2003, gangamin da Buhari ya halarta tare da mataimakinsa na takara Chuba Okadigbo, wanda ya rasu kwana biyu zuwa uku bayan nan. Wato waɗanda suka sha hayaƙi suka je kotu suka ƙwato mana wannan 'yancin, jam'iyyarsu tana cikin waɗanda suka narke a 2013, da ACN da CPC da wani ɓangare na APGA, aka haifi APC. Da na ba Alhaji wannan labarin, ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Malama, duk na ji. Amma in an fasa mini kujera, kotun ɗaukaka ƙara ce za ta biya?" Ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya ce in wani ya tare motarsa a hanya abin da zai nuna kenan.

Asabar ƙarfe goma sha ɗaya na safe motarsa ta iso, awa ɗaya kafin lokacin da ya ce. Duk wanda ya taɓa jiran mai rumfa ranar ɗaurin aure, baƙi na tsaye a rana, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yara huɗu ya turo, kuma aikinsu na da kyau. Cikin minti arba'in sun kafa rumfa huɗu, suka haɗa bakinsu yadda babu tsaga a tsakani, suka ɗaure kowace ƙafa da igiya a jikin bulo don farfajiyar siminti ce ba a kafa turke. Ƙarafan masu kauri ne, ƙirar Panteka, ba irin siraran nan da iska ke lanƙwasawa ba. Babbansu, wani dogo mai ɗan gemu, ya dubi sama ya ce hadarin gabas ne, ya sa aka karkatar da rumfa biyu yadda ruwa zai zuba ta bayan katanga ba kan mutane ba. Ƙarfe biyar saura ruwan ƙarshen damina ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kusan minti ashirin, kuma banda wani ɗigo a kusurwa ɗaya da muka tara wa bokiti, babu wanda ya jiƙe. A kan rumfa ba ni da ta cewa.

Kujeru kuwa, na tsaya na ƙirga da kaina, 150 cif. Amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya, goma sha ɗaya an ɗinke su da waya a ƙafa ko a hannu, wasu kuma rana ta cinye su har robar ta yi gari-gari, in ka shafa sai farin ya biyo tafin hannunka. Mata da suka zo da baƙaƙen abaya duk sun tashi da tambari a baya. Na kira dogon na nuna masa ɗinkakkun, na ɗauki hotonsu a gabansa. Wannan hoton ne ya cece ni daga baya. Ba a kuma wanke su ba, sai da na sa jikokina suka bi su da tsumma. Mutum ya ƙara maka naira hamsin a kan kowace kujera, ya kuma ba ka na ƙuryar rumbu, ai ko ruwa ya watsa musu.

Janareton shi ne abin kunya. Sau uku yana mutuwa, na biyun daidai lokacin da dattijon da ya ba mu gidansa ya miƙe yana magana. Tsoho ne da ya haura tamanin, ɗan PRP tun na asali, yana ba da labarin yadda majalisar da NPN ta mamaye ta tsige Balarabe Musa a 1981, da yadda mahaifinsa ke cewa a zamanin NEPU in En'e ta hana su fili sai su koma gindin bishiya a bayan gari. Ni ina 'yar shekara goma sha takwas lokacin tsigewar, na tuna babanmu ya ƙi cin tuwo a daren. Yana tsakiyar wannan inji ya yi tari ya ɗauke. Tsohon bai ko tsaya ba, ya miƙa wa na kusa da shi makirfon ya ci gaba da muryarsa, kuma wallahi an fi jin sa, don lasifikar dama tun farko tana ƙara kamar an taka wutsiyar mage. Wanda duk zai yi hulɗa da Alhaji, ya karɓi rumfa, ya nemi kayan sauti a wani wuri. Dubu 25 ɗin nan asara ce.

Sai abin da ake tsoro, ko kuma inuwarsa. Wajen biyar da rabi aka ji ƙarar babura da yawa sun shigo layi a guje, ana ihu. Wata daga baya ta ce "ga su nan!" Ban taɓa ganin mata sun tashi da sauri haka ba. Masu goyo, masu sanda, kowa ta nufi ƙofar cikin gida, kujeru na kifewa, takalma a warwatse, wata ta bar jakarta da wayarta a ciki. 'Yan sanda biyu da aka turo mana, waɗanda tun azahar suke zaune a bakin ƙofa suna shan ruwan leda, suka miƙe suka leƙa. 'Yan rakiyar ango ne daga layin baya. Aka dawo ana dariya ana salati, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na matan ba su sake zama ba, daga nan gida suka wuce. Babu wanda ya zo ya hana mu taro a ranar, babu wanda ya ɗaga mana yatsa, amma mutum hamsin sun tafi saboda babur ɗin ango.

Abin da na lura da shi a cikin wannan rububin, yaran Alhaji ba su gudu ba. Dogon ya tsaya ya rungume ƙafar rumfar da mutane suka bangaje, da ta faɗo a kan tsofaffi. Ɗayan kuma lasifika ya ɗauka ya ruga da ita bayan gida, ko dai amana ce ko sanin abin da maigidansa zai yi masa.

Kujera bakwai suka karye. Magariba na yi suka kwashe komai, suka share farfajiyar ba tare da an ce su yi ba.

Rigimarmu ta zo ranar Litinin. Alhaji ya ce kowace kujera dubu shida, bakwai dubu 42, zai mayar mini da dubu 18. Na buɗe waya na nuna masa hoton ɗinkakkun, uku daga cikin bakwai ɗin suna ciki, ga wayar ɗinkin nan a ƙafarsu. Na ce wannan da ko jariri ya zauna sai ta karye, ba zan biya kuɗin sabuwa a kan gawa ba. Ya ce ai da ba a yi gudu ba da sun kai baɗi. Muka yi ta yi har mai shayin gefensa ya sa baki. Ƙarshe aka tsaya huɗu a dubu shida-shida, uku a dubu biyu-biyu, ya riƙe dubu 30 zai dawo da dubu 30. Ya ce zuwa yamma zan ji alat. Kwana tara na yi ina jiran yammar nan. Sau huɗu ina kira, yau netwok, gobe yaron da ke da POS bai fito ba, jibi ya tafi Zariya ta'aziyya. Kuɗin jama'a ne, karo-karon mata masu sayar da awara da ƙuli, kuma ni ce zan tsaya gabansu in karanta lissafi. Wanda ya iya karɓar ajiya a minti ɗaya ya kamata ya iya mayarwa a kwana ɗaya. Sai da na je da ƙafata na zauna a kan bencinsa na ce ba zan tashi ba, sannan ya zaro su daga aljihun gaba, a ƙirge, da alama tun tuni suna nan.

In za a tambaye ni ko zan koma, zan koma, don a wannan yanayin ban san mutum nawa ne a garin nan za su ji kalmar "adawa" su loda mota ba. Amma da sharaɗina ni ma: zan je rumbu da kaina in zaɓi kujerun tun daren jajibiri, a rubuta a rasit ranar da za a mayar da ajiya, kuma janaretonsa ya zauna a gida ya huta.

Da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya tare mini Keke. Ya ce in muna da wani taron in riƙa gaya masa da kwana uku, don daga yanzu har zaɓen 2027 kayansa ba za su zauna ba, kuma yana shirin ƙaro kujera ɗari biyu. Na ce sababbi, masu suna ko marasa suna? Ya ce zai sayo su dai tukuna, fentin yana nan a rumbu.